Harajin Waiwaye: 'Yan Kwangila da Dokar IR35 a Birtaniya

GABATARWA

Hausawa su kan ce waiwaye adon tafiya. Amma akwai wani waiwaye wanda babu mai marmarinsa, watau na mai karɓar haraji, sa'ad da ya juyo ya dubi shekarun da mutum ya ke tsammani an riga an rufe littafinsu, ya ce akwai sauran biya. Wannan takarda za ta bayyana yadda irin wannan waiwaye ya zama abin fargaba ga dubban 'yan kwangila a ƙasar Birtaniya, tun daga shekarar 2000 da aka kafa dokar da kowa ya sani da laƙabin IR35, tun ba ma bayan gyare-gyaren da aka yi mata a 2017 da 2021 ba.

Ga abin da mu ke nufin nunawa. Gyare-gyaren nan, bisa ga rubutunsu, gaba su ke duba, ba su ɗora wa kowa sabon haraji a kan aikin da ya wuce ba. Duk da haka sun jefa inuwa a kan shekarun baya, sabo da sun sa an fara yanke hukunci a fili a kan tambayar da aka daɗe ana kau da kai daga gare ta: shin wannan mutum ɗan albashi ne, ko kuwa mai zaman kansa? Amsar da aka bayar yau kuwa ta kan zama kamar shaida a kan jiya. Domin a fahimci wannan, wajibi ne mu fara daga tushe.

BARANTAKA DA JINGA

Harshen Hausa ya riga ya rarrabe abin da dokar Turawa ta ke ta fama da shi. In manomi ya ɗauki bara, shi ke nuna masa inda zai fara noma da lokacin da zai tashi, shi ke ba shi fartanya, ya kuma biya shi ladansa ko an gama gona ko ba a gama ba. Amma in jinga aka yi, an tsai da kuɗi ne a kan aikin ɗungum. Ɗan jinga ya zo da kayan aikinsa, ya gayyato ƙannensa in ya ga dama, ya gama cikin kwana biyu ko biyar, riba tasa, hasara tasa. Dokar Birtaniya ma haka ta raba yarjejeniyar aiki gida biyu, ta barantaka da ta jinga. A nan za mu kira mai ta farko ɗan albashi, mai ta biyu ɗan kwangila.

Bambancin nan yana da nauyi ƙwarai wajen haraji. Ɗan albashi ba ya ganin kuɗinsa sai ubangidansa ya cire haraji ya miƙa wa Gwamnati. Ban da wannan akwai kuɗin inshorar ƙasa, wanda a ke biyan fansho da wasu taimako da shi, kuma kaso biyu ne, na ma'aikaci da na ubangida. Kason ubangida a shekarar 2021 kashi 13.8 ne cikin 100, daga Afrilu 2025 kuwa ya koma kashi 15.

Ɗan kwangila shi kuma ya kan kafa ƙaramin kamfani, wanda sau da yawa shi kaɗai ne mai shi, shi ne kuma ma'aikacinsa. Mai ba da aiki ya biya kamfanin kuɗi cif, ba a cire kome ba. Kamfanin ya biya harajin riba, wanda a 2021 kashi 19 ne cikin 100, ya yanka wa mai shi ɗan albashi kaɗan, sauran ya ba shi a matsayin rabon riba, wanda ba a biyan kuɗin inshorar ƙasa a kansa. Ta haka ɗan kwangila ya rage harajinsa. Mai ba da aiki kuma ya huta da kason ubangida, da kuɗin hutu, da na ciwo, da na sallama. Lalle a riƙe wannan, don zai yi amfani can gaba: ɓangarorin biyu duka sun ci moriyar tsarin, kuma a wurare da yawa mai ba da aiki ne ya ke cewa ba zai ɗauki mutum ba sai ta hannun kamfani.

ASALIN DOKAR

Ran 9 ga Maris 1999, ranar da Ministan Kuɗi Gordon Brown ya karanta kasafin kuɗi, ma'aikatar haraji ta fitar da sanarwoyi masu lamba. Ta 35 daga cikinsu ita ce ta yi magana a kan mutumin da ya ke barin aiki ranar Jumma'a yana ɗan albashi, ya komo ranar Litinin kan teburin nan nasa da sunan kamfani. Daga lambar sanarwar nan dokar ta sami laƙabinta, ta kuma fara aiki ran 6 ga Afrilu 2000, ranar da shekarar haraji ta ke kamawa a ƙasar.

Dabarar dokar ita ce ƙaddarawa. Ta ce a ƙaddara babu kamfanin nan a tsakani, a ce mutumin da mai ba shi aiki sun yi yarjejeniya kai tsaye. To, da wace iri za ta zama? In da barantaka za ta zama, sai a ce aikin yana cikin doka, kamfanin ya biya haraji da kuɗin inshora, kason ma'aikaci da na ubangida duka, kamar dai albashi aka biya. In kuwa da jinga za ta zama, aikin yana wajen doka, babu abin da ya sake.

Amma wa zai amsa tambayar? A tsarin 2000, kamfanin ɗan kwangila ne, watau mutumin da kansa. An sa mai ƙara ya zama alƙalin kansa ke nan. Hukumar haraji, wadda tun 2005 aka haɗa ta da ta kwastan, ba ta da hanya sai ta bi su ɗai-ɗai da bincike, kuma ba ta da isassun ma'aikata. Daga baya ta ƙiyasta cewa cikin waɗanda ya kamata su biya bisa ga dokar, ɗaya cikin goma ne kawai su ke biya, kuma in an bar abin haka a kamfanoni masu zaman kansu, hasarar baitulmali za ta kai fam biliyan 1.3 a shekara kafin 2024.

YADDA ALƘALAI SU KE RARRABEWA

Majalisar Dokoki ba ta taɓa rubuta cikakken ma'aunin da za a gane ɗan albashi da shi ba, ta bar wa alƙalai. Hukuncin da a ke komawa gare shi har yanzu shi ne na 1968, a shari'ar kamfanin Ready Mixed Concrete, wanda ya ke da direbobi masu motocin kansu da su ke kai masa kwaɓaɓɓen siminti. Mai Shari'a MacKenna ya kafa sharuɗɗa uku. Na fari, mutum ya yarda zai yi aikin da kansa a bisa lada. In yana da ikon aiko wani a madadinsa yadda ya ga dama, ba bara ba ne. Na biyu, mai ba da aiki ya kasance yana da iko a kansa gwargwadon da zai zama ubangida. Na uku, sauran sharuɗɗan yarjejeniya su dace da barantaka. A ƙarƙashin na ukun nan ne a ke duba wa ya ke da kayan aiki, wa zai yi hasara in aiki ya lalace, ko mutumin yana yi wa wasu aiki, ko kuwa ya saje da ma'aikatan gidan har ba a rarrabe su.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin muhawara ne. A Satumba 2024 Kotun Ƙoli ta duba maganar alƙalan wasan ƙwallon ƙafa waɗanda a ke ɗauka wasa-wasa, ta ce sharaɗi na fari da na biyu sun cika ko da a kan wasa guda ne, sa'an nan ta mai da shari'ar kotun ƙasa don a auna na uku. Watau bayan shekara 56 da hukuncin MacKenna, manyan alƙalan ƙasar suna nan suna gyara ma'aunin. Wannan shi ne tushen haɗarin duka: an ɗora wa mai gyaran kwamfuta ko injiniya nauyin amsa tambayar da alƙalai su ke saɓa wa juna a kanta, aka kuma ce in ya kuskure zai biya.

GYARAN 2017 DA NA 2021

Da Gwamnati ta ga bin mutane ɗai-ɗai ba ya biya, sai ta juya kan masu ba da aiki. Daga Afrilu 2017 aka ce a ma'aikatun Gwamnati, da asibitoci, da ƙananan hukumomi, mai ba da aiki ne zai yanke hukuncin matsayi, wanda ya ke biyan kamfanin ɗan kwangila kuma shi zai cire haraji. A shekarar nan ce hukuma ta sa wani ma'auni a intanet mai suna CEST, wanda a ke amsa tambayoyinsa ya ba da sakamako. An yi niyyar kai tsarin ga manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu a Afrilu 2020, amma annobar korona ta sa aka ɗaga zuwa 6 ga Afrilu 2021.

Sabon tsarin ya wajabta wa mai ba da aiki ya rubuta takardar hukunci, ya faɗi dalilansa, ya ba ɗan kwangila. In ɗan kwangila bai yarda ba ya iya kai kuka, a kuma amsa masa cikin kwana 45, sai dai wanda ya yanke hukuncin shi ne mai sauraron kukan. In mai ba da aiki bai yi hattara yadda ya kamata ba, harajin ya koma wuyansa. An keɓe ƙananan kamfanoni, waɗanda a lokacin a ke gane su da cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: cinikin shekara bai wuce fam miliyan 10.2 ba, dukiya ba ta wuce miliyan 5.1 ba, ma'aikata ba su wuce 50 ba. Wanda ya ke yi wa irin waɗannan aiki, tsohon tsarin 2000 ne a kansa.

Ko bayan wannan ma ƙasa ba ta tsaya cik ba. Ran 23 ga Satumba 2022 Ministan Kuɗi Kwasi Kwarteng ya ce za a soke gyare-gyaren biyu. Ran 17 ga Oktoba, ba a ko cika wata guda ba, magajinsa Jeremy Hunt ya janye maganar.

Yanzu sai mu zo kan waiwayen. Iri uku ne, kuma mutane su kan gama su wuri ɗaya, alhali kuwa kowanne da hukuncinsa.

WAIWAYE NA FARI: TSOHON BASHI

Na fari shi ne bincike a kan shekarun baya bisa ga dokar da ta ke nan tun lokacin. Doka ta ba hukuma shekara 4 bayan ƙarewar shekarar haraji ta nemi abin da ba a biya ba. In da sakaci, shekara 6. In da gangan ne, shekara 20. A kan bashin akwai kuɗin ruwa tun daga ranar da ya kamata a biya, akwai kuma tara, wadda ta kan kai kashi 30 cikin 100 na harajin in sakaci ne, ta kai kashi 100 in an yi da gangan an kuma ɓoye. Gyaran 2017 da na 2021 ba su share wannan ba. Duk aikin da aka yi kafin ranar gyara, bashinsa yana kan kamfanin ɗan kwangila.

Bari mu kawo misali na ƙaddarawa. A ce wani injiniya ya yi shekara 6 yana yi wa kamfani ɗaya aiki, bambancin abin da ya biya da abin da hukuma ta ke nema fam 15,000 ne a shekara. Jimla fam 90,000 ke nan, tun ba a sa ruwa da tara ba. Kuɗin nan kuwa ba su ajiye. An ci, an biya makaranta, an biya bashin gida. Kuma a ciki har da kason ubangida, wanda a gaskiya mai ba da aiki ne ya huta da shi.

Shari'o'in ma'aikatan rediyo da talabijin sun nuna yadda abin ya ke aukuwa. A 2018 kotun haraji ta ce Christa Ackroyd, wadda a dā ta ke gabatar da labarai a BBC, aikinta yana cikin doka, harajin da a ke magana a kai kuwa ya zarce fam 400,000, na shekarun 2006 zuwa 2013. Kotun ta yarda cewa BBC ce ta ƙarfafa mata gwiwar bin hanyar kamfani, kuma ta nemi shawarar masana, amma wannan bai kuɓutar da ita ba. A 2019 Lorraine Kelly ta ITV ta ci nasara a kan neman fam miliyan 1.2. Kaye Adams ta gidan rediyon BBC na Sikotilan ta ci nasara a 2019, ta kuma ci a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sa a sake shari'ar a 2022, ta sake ci a 2023, sai a Janairu 2024 hukuma ta haƙura. Ta bayyana cewa abin da shari'ar ta ci mata ya fi harajin da aka nema tun farko. Mata uku masu sana'a iri ɗaya, hukunci ya bambanta, wadda ta tsira ma ba ta tsira da dukiyarta ba.

WAIWAYE NA BIYU: INUWAR SABON HUKUNCI

Wannan shi ne wanda gyare-gyaren suka haifa. Mutum ya yi shekaru yana cewa aikinsa yana wajen doka. Ran 6 ga Afrilu 2021 mai ba shi aiki ya miƙa masa takarda cewa yana ciki. Teburinsa bai sake ba, shugabansa bai sake ba, aikinsa bai sake ba, ma'aunin alƙalai ma bai sake ba. In bana ɗan albashi ne, to, bara fa? Kuma yanzu sunansa ya shiga lissafin albashin da a ke aika wa hukuma kowane wata.

Hukuma ta san da wannan tsoro. Tun kafin tsarin ya fara a kamfanoni masu zaman kansu, ta yi alkawarin ba za ta yi amfani da bayanin da gyaran ya kawo mata don buɗe sabon bincike a kan shekarun baya ba, sai in akwai dalilin zargin zamba ko aikata laifi. Alkawarin nan ya kwantar da hankalin mutane da yawa, amma ya kamata a san iyakarsa. Manufa ce ta hukuma, ba a rubuta shi cikin doka ba. Bai shafi binciken da aka riga aka buɗe ba. Bai kuma hana hukuma yin aiki da bayanin da ta samo ta wata hanya ba. Abin da ya rage masa daraja a idon 'yan kwangila shi ne, a Agusta 2019 hukumar ta aika wasiƙu ga wajen mutum 1,500 da suka yi wa kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline aiki, tana cewa a ganinta aikinsu na shekarar da ta wuce yana cikin doka, ba tare da ta duba yarjejeniyar kowane ɗaya ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ya shafa wa nasa ruwa.

Akwai kuma wani abu. Takardar mai ba da aiki ba hukuncin kotu ba ce. Tun da ya ke shi zai biya in ya ce mutum yana waje aka ga yana ciki, ba kuwa abin da zai same shi in ya ce yana ciki aka ga yana waje, sai ya karkata wajen da ya fi masa sauƙi. A 2019 wasu manyan bankuna, kamar Barclays da Lloyds, sun ce ma ba za su ƙara ɗaukar kowa ta hannun kamfaninsa ba, sai dai ya shiga lissafin albashi. Ta haka ɗan jinga na ainihi ya kan wayi gari da alamar barantaka a jikinsa, ba don an binciki aikinsa ba, sai don tsoron mai gida.

Masu ba da aiki su ma waiwayen ya same su. A Fabrairu 2022 ofishin Babban Mai Binciken Kuɗin Gwamnati ya ba da rahoton cewa ma'aikatun Gwamnati da kansu sun biya, ko ana sa ran za su biya, fam miliyan 263 sabo da kurakuran hukuncin matsayi tun daga 2017. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho kaɗai fam miliyan 87.9 ta biya. In Gwamnatin da ta kafa doka ta kasa binta daidai, ina ga mutum guda? Har wa yau, kafin Afrilu 2024 a kan nemi cikakken haraji daga mai ba da aiki ba tare da an rage abin da ɗan kwangila ya riga ya biya a kan kuɗin nan ba. Sai a shekarar aka kafa hanyar ragewa. Wannan ya sa masu ba da aiki da dillalan ma'aikata da yawa su ke sa sharaɗi cikin yarjejeniya cewa in hukuma ta zo, ɗan kwangila zai mayar musu da abin da suka biya. Nauyin da doka ta sauke masa ta ƙofa, sai ya komo ta taga.

WAIWAYE NA UKU: DOKA MAI KOMAWA BAYA

Na uku shi ne sa'ad da Majalisa da kanta ta kafa doka wadda ta kama abin da ya riga ya wuce. Ba IR35 ce ta yi haka ba, amma 'yan kwangila ne suka fi shan wuyarsa, don da yawa cikinsu gudun rashin tabbas na IR35 ne ya jefa su hannun masu sayar da dabarun kauce wa haraji.

A 2008 sashe na 58 na Dokar Kuɗi ya toshe wata dabara da a ke bi ta Tsibirin Man, aka kuma ce a ɗauka gyaran yana aiki tun 1987. Wani ɗan kwangila mai aikin kwamfuta, Robert Huitson, ya kai ƙara, ya fāɗi a Babbar Kotu a 2010, ya fāɗi a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2011, Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai kuma ta ƙi karɓar kukansa a 2015. Daga nan aka tabbata babu abin da ya hana Majalisar Birtaniya kafa harajin da ya koma baya in ta ga dalili.

Abin da ya fi wannan girma shi ne harajin rance. Dabarar ita ce a biya mutum ladansa da sunan rance daga wani asusun amana, rancen da kowa ya san ba za a mayar ba. Dokar 2017 ta ce duk irin rancen nan da aka karɓa tun daga 6 ga Afrilu 1999, in ba a mayar ba kafin 5 ga Afrilu 2019, za a tara shi a ɗauke shi kamar samun shekara guda. Abin ya shafi wajen mutum 50,000. Gwamnati ta ce wannan sabon haraji ne a kan bashin da ya ke nan a 2019. Waɗanda abin ya shafa suka ce sunan kawai aka sake, shekara 20 aka waiwaya. A Disamba 2019, bayan binciken Sir Amyas Morse, aka rage wa'adin ya fara daga 9 ga Disamba 2010. Hukumar haraji da kanta ta tabbatar cewa ta kai rahoton mutum 10 da suka kashe kansu cikin waɗanda a ke bi wannan bashi. A Janairu 2025 Gwamnati ta sake naɗa wani mai bincike, Ray McCann, ya duba yadda za a sasanta ragowar.

RIGAKAFI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da ya ke tambayar za ta iya zuwa bayan shekara 6, sa'ad da shugaban da ya san aikin ya bar wurin, kāriyar ɗan kwangila ita ce shaidar da ya tara tun yana cikin aiki: yarjejeniyar da aka sa wa hannu, wasiƙun da suka nuna shi ya ke tsara yadda zai yi aikinsa, ranar da ya aiko wani a madadinsa, aikin da ya gyara da kuɗinsa, da sauran mutanen da ya yi wa aiki a lokacin. Yarjejeniya mai kyawun rubutu ba ta isa ba in zaman yau da kullum ya ƙaryata ta, don kotu tana duba duka biyu. Wanda aka ba takardar da bai yarda da ita ba, ya kamata ya kai kukansa a rubuce, ko da ba za a saurare shi ba, don kada shirunsa ya zama kamar yarda. Ya kamata kuma ya karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ya sa hannu, ya bar wani abu a asusun kamfani sabo da ranar tsiya, ya kuma guji duk wanda ya ce masa akwai hanyar da zai tafi gida da kusan dukan ladansa ba haraji.

KAMMALAWA

Gwamnati tana da hujja. Ba adalci ba ne mutum biyu su zauna ɗaki ɗaya suna aiki ɗaya, ɗaya ya biya haraji fiye da ɗaya sabo da takardar kamfani kawai. Amma tun a 1776 Adam Smith ya sa tabbas cikin sharuɗɗa huɗu na haraji nagari, watau mai biya ya san nawa zai biya da yaushe, kuma a nan ne tsarin ya gaza. Binciken Matthew Taylor na 2017 ya ba da shawarar a fayyace ma'aunin matsayi cikin doka, a kuma kusanto da na haraji da na haƙƙin ma'aikata wuri ɗaya. A Afrilu 2020 wani kwamiti na Majalisar Dattawa ya nuna cewa wanda aka ce yana cikin IR35 yana biyan harajin ɗan albashi, amma wannan bai ba shi hutu ko kuɗin sallama irin na ɗan albashi ba.

Gyaran 2017 da na 2021 sun sake wanda zai amsa tambaya da wanda zai biya in an kuskure, sun bar tambayar yadda ta ke. Muddin ma'aunin yana hannun kotuna, suna auna kowace shari'a bisa ga halinta bayan shekaru sun shuɗe, ɗan kwangila ba zai san ko ya gama biyan harajin wata shekara ba sai wa'adin bincikenta ya ƙare.